Ranar da Jip Ta Sha Man Gyaɗar Inna

Kuna jin mutane na kirana Garba Mai Ƙuli, kuna dariya a ɓoye, kuna zaton na taɓa tallan ƙuli-ƙuli a tasha. To ban taɓa ba. Tun ina ɗan shekara goma sha biyar sifana ce a hannuna, kuma injin gas kaɗai na sani, wanda ku kuke ce wa dizal. Ku gyara zama ku ji inda sunan ya samo asali, tunda na ga kun ɗauka aikin nan kwance noti ne da ɗaure noti, a wanke hannu a tafi kallon ƙwallo.

Aikin farko da maigidana Malam Ɗanbaba ya ba ni a garejinsa na Sabon Garin Gusau shi ne tace mai. Tarakta yake gyarawa, da injin niƙa, da manyan motocin da ke ɗaukar auduga. Ranar da aka kai ni wurinsa ya miƙo mini mazurari da bokiti biyu da farin ƙyalle, ya nuna mini yadda ake ninka shi huɗu, ya ce in fara. Na ɗauka aikin kwana biyu ne. Shekara guda cur na yi ina tace gas, ban taɓa inji ba sai dai in wanke. Idan na gama sai ya ɗiga man a kan farcen babban yatsansa, ya ɗaga a rana. In ya ga ko ƙwayar ƙura ɗaya, ba ya faɗa, sai ya juye bokitin cikin ɗayan ya ce, "Sake." Wallahi a lokacin na tsani ƙyallen nan.

Sai da na fara kwance nozil na gane dalili. Nozil shi ne ɗan bakin da ke fesa mai cikin inji, kuma ƙofarsa ba ta kai kafar allura ba. Ƙwayar yashi ɗaya ko cokalin ruwa ya isa ya zaunar da motar da ta ɗauko buhu ɗari. Injin gas ba shi da filogi, ba shi da kafireta, ransa duka yana ga tsabtar abin da ya sha. Malam yakan ce, "Garba, wanga inji jaki ne. Ba ya zaɓen kiwo, amma kawo masa ƙazanta ka gani ko zai sa baki." Kayan aikin da ya sallame ni da su uku ne: sifana lamba goma sha bakwai, doguwar sukudireba da ake kafawa a jikin inji a ɗora kunne a ji numfashinsa, da sabon farin ƙyalle. Har yau ga su nan cikin akwatin can, kada wanda ya taɓa mini su.

Wata damina aka kira mu Magami, injin niƙan garin ya tsaya. Mun je mun tarar ba abin da ya lalace, gas ne ya ƙare, hanya kuma ta yanke babu mai kawowa. Mata sun jera ƙwarya tun daga bakin injin har gindin tsamiya. Malam ya sa aka nemo man angurya, wato man da ake matsewa daga irin auduga, ya ɗumama shi a wuta har ya yi ruwa-ruwa, ya sirka da kananzir, ya sa na tace sau uku. Injin ya yi tari ya tashi. A hanyar dawowa ya ja kunnena ya ce wannan maganin ranar tsiya ne, kada in kuskura in mai da shi sana'a. Sau ɗaya ke nan na ga an yi, na ajiye a raina.

A wancan zamani mu masu gas ba kowa ba ne. Masu gyaran ƙananan motocin fetur su ne 'yan gayu, su ke hulɗa da ma'aikata masu farar riga, mu kuwa suna ce mana 'yan baƙin mai. Sai aka ba mu jiha, Gusau ta zama babban birni, manya suka fara shigowa da jip-jip, masu sanyi a ciki da kujerun fata. Duk wanda Allah ya buɗa wa, jip yake so. Kuma kusan kowa mai fetur yake saye, don a ganinsu gas abincin gingimari ne, bai dace da babbar riga ba.

Wata Asabar da hantsi ina kwance ƙarƙashin tarakta, sai na ga takalma masu tsada sun tsaya a kaina. Alhaji Bawa ne, wani babban ɗan kasuwar hatsi daga Tsafe, wanda na saba gyara wa motocin kaya. Ya ce in fito mu yi shawara. Zai sayi jip, dillali ya ce masa iri ɗaya ce amma inji biyu, akwai mai fetur akwai mai gas, ya zaɓa.

Na tambaye shi ina da ina motar za ta riƙa zuwa. Ya ce kasuwannin ƙauye, da gona, da wurin mahaifiyarsa a wani ƙauye bayan duwatsun Kwatarkwashi, inda hanya rairayi ce da rani, laka da damina.

Na ce, "Alhaji, mai fetur ta fi shiru, ta fi gudu a kan kwalta. Amma mai gas ta fi ƙarfin ja, ba ta shan mai da yawa, ba ta tsoron ƙetare rafi. In don a gan ka ne, sayi mai fetur. In don ka isa inda za ka ne, sayi mai gas."

Ya shafa gemu, ya ce abokansa za su yi masa dariya. A nan ne bakina ya yi mini yawa. Na ce, "Su yi. Ni Garba na yi maka alkawari, motar nan ba za ta taɓa kwana da kai a hanya ba."

Ya ce, "To na ji. Amma ranar da ta kunyata ni, zan sa a jawo ta a ajiye a ƙofar garejinka, ba gyara ba sayarwa, duk wanda ya tambaya in ce shawarar Garba ce."

Yana murmushi ya faɗa, amma na san Alhaji Bawa ba ya magana biyu. Kuma a sana'armu suna shi ne jari. Matacciyar jip a ƙofar gareji, a kan hanyar da duk Gusau ke bi, ta isa ta kashe ni da raina. Baki shi ke yanka wuya, na riga na faɗa.

Mota ta iso, fara sol, abin sha'awa. Amma da an tayar da ita da safe sai ka ji kaf-kaf-kaf-kaf, kamar yadda injin gas ya saba kafin ya yi zafi. Amininsa Alhaji Shehu, wanda ya sayi mai fetur, shi ya fi kowa damunsa. Duk inda suka haɗu, wurin ɗaurin aure ko suna, sai ya ɗaga murya ya ce, "A gaya wa mata su fito da dawa, ga injin niƙa ya iso." Jama'a su fashe da dariya. Alhaji Bawa ya haɗiye, washegari ya zo gareji ya sauke mini haushin. Ni kuma in ba shi haƙuri, in duba masa filta, in ja direbansa Lawali gefe in maimaita masa karatu: kada ya zuba man da bai gani da idonsa ba, kada ya bar tanki ya ƙafe. Lawali magidanci ne mai hankali, matsalarsa ɗaya, sauri.

Sai muguwar shekarar nan ta zo, shekarar wahalar mai. Ku ba ku san ta ba. Layin motoci ya tashi daga gidan mai ya zagaye unguwa, mutum ya bar motarsa a layi mako guda yana zuwa duba ta kamar mara lafiya a asibiti. Fetur ne ya fara ɓacewa, daga baya gas ya bi shi. Garejinmu ya mutu, don motar da ba ta tafiya ba ta lalacewa. Na koma gyaran injin ban ruwa na masu lambu, wata rana har fitilar aci-balbal aka kawo mini na gyara, ban yi girman kai ba. Masu cin kasuwa su ne 'yan bumburutu, masu sayar da mai a jarka a bakin hanya. A cikinsu akwai na kirki, akwai kuma waɗanda in sun sayar maka da jarka, Allah kaɗai ya san abin da ke ƙasanta.

A cikin wannan hali ne mahaifiyar Alhaji Bawa za ta tafi aikin Hajji. Inna tsohuwa ce mai ƙarfin hali, ta ƙi dawowa birni, ta ƙi daina sana'arta ta ƙuli-ƙuli duk da arzikin ɗanta. Ba zato aka yi sanarwa a rediyo cewa maniyyatan yankinsu su hallara a Gusau, motoci za su kwashe su zuwa jirgi bayan la'asar a ranar. Wanda ya makara ya makara.

Rana ta kusa tsaka sai ga Lawali a gareji, ƙura har gira. Ya ce mota ta mutu a ƙofar gidan Inna. Ɗan man da ke tanki ya kai su ƙauyen, sai ya juye jarkar da ya saya a bakin hanya don dawowa. An tayar, ta yi taku kaɗan, ta yi tari ta mutu. Keke ya ara zuwa bakin titi, motar itace ta kawo shi gari.

Na ce, "Ka duba man kafin ka zuba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na shinshina bakin jarkar."

Na ce, "Ai ruwa ba ya zama a baki, Lawali, ƙasa yake kwanciya."

Ya ce Alhaji Bawa ya aike shi wurin Alhaji Shehu tukuna ya ari mota, ya tarar tasa kwana tara tana layi. Sannan Alhaji Bawa ya ce a gaya mini in tuna maganarmu. Na leƙa duron gas ɗina, ko ɗigo babu. Na zagaya maƙwabta uku, babu. Na ɗauki akwatin aiki da sabuwar filta guda da nake ɓoyo, muka hau tsohon babur ɗina. Shi ma a gindin dutsen Kwatarkwashi ya shanye fetur ɗinsa na ƙarshe, muka tura shi cikin rairayi har ƙauyen.

Na tarar da jama'a sun kewaye motar. Alhaji Bawa na zaune a inuwar katanga, bai amsa gaisuwata da kyau ba. Wani ya kawo shawarar amalanken shanu, aka lissafa aka ga ko bakin titi ba za su kai ba kafin la'asar, titin ma babu mota. Inna na zaune a kan tabarma cikin fararen kaya, kayanta a ɗaure a gefe, tana jan carbi.

Na shiga ƙarƙashin mota na kwance notin tanki, na tara roba. Ruwa ne ya zubo, har da ɗan launi da aka sa masa, sai can a ƙarshe gas ya biyo. Da ya kwanta na kwashe na sama a hankali da murfin kwano, bai fi kwalba biyu ba. Na cire filta, cike take da ruwa. Na wanke abin da zan wanke, na sa sabuwa. Inji lafiyarsa ƙalau, ruwan bai yi masa illa ba. Amma kwalba biyu ba za su kai mu ko bayan gari ba.

Ina tsugune ina goge hannu sai iska ta kawo mini ƙamshi daga kayan Inna. Na duba, sai ga galan biyu an ɗaure bakinsu da leda da tsumma. Magami ta faɗo mini a rai.

Na matsa na durƙusa na ce, "Inna, mene ne a cikin galan ɗin nan?"

Ta ce, "Man gyaɗa na, ɗiyana. Da hannuna na matse shi. An ce mini man can ƙasar ba ya da ƙamshi, ni kuwa ba ni cin abinci da man da ban san uwarsa ba."

Na ce, "Inna, ki ba ni shi in ba mota."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta juya wurin ɗanta ta ce, "Bawa, wanga shi ne gwanin naka? Rana ta taɓa shi."

Jama'a suka yi dariya. Alhaji ya taso ya ja ni gefe ya ce, "Garba, kana cikin hankalinka? Motar da na saya da tsada za ka yi wa miya?" Na gaya masa abin da na gani a Magami, na ce sau ɗaya na ga an yi, kuma a injin niƙa ne ba a jip ba, ba zan ɓoye masa ba. Na ce in ta ƙi, ya riga ya san inda zai ajiye ta. Ya dubi rana, ta fara karkata. Ya ce in je in shawo kan tsohuwa, shi ba ya iyawa.

Ba ta sauƙaƙa mini ba. Ta ce abinci ne, zuba shi a ƙarfe almubazzaranci ne, kuma kwana uku ta yi tana suya da matsa. Na ce, "Inna, ɗaya za a yi. Ko ki zauna a gida ke da manki, ko man ya zauna a hanya ke ki wuce." Can ta tura galan ɗin da ƙafa ta ce, "Ɗauka. Amma in ka ɓata mini shi a banza, in ma ban kai gaban Ka'aba ba, to daga nan zan kai ƙararka wurin Allah."

Aka hura murhun da take suya, na juye man a tukunya na ɗumama shi, ba tafasa ba, daidai yadda zai yi ruwa-ruwa ya bi ta ƙofar nozil. Matan gidan suka tattaro kananzir ɗin fitilunsu, aka samu kusan kwalba uku, na sirka. Na fito da farin ƙyalle na ninka huɗu. Alhaji na ta duba agogo, Lawali na cewa man Inna ai tas yake, a zuba kawai. Na ce masa saurinsa ne ya kawo mu nan. Sau uku na tace, kuma a na farko sai ga garin ƙuli ya kwanta a kan ƙyallen. Inna ta leƙo ta gani, ta ce, "To, ashe ya san aiki."

Tsabtataccen gas ɗin nan kwalba biyu na cika filta da shi, don inji ya fara tashi da abin da ya saba. Haɗin kuma na zuba a tanki. Saura fitar da iska, wanda ku kuke rainawa. Na sassauta notin nozil da sifana lamba sha bakwai, na yi ta danna famfon hannu har kumfa ta daina fita, mai ya fito zalla, na ɗaure. Na ce wa Lawali ya yi bisimilla ya murɗa. Ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake, ta yi tari biyu ta yi shiru. Na san batir ba zai ƙara ba mu fiye da sau ɗaya ko biyu ba. Na sake sassauta noti ɗaya, wata 'yar iska ta fita, na ɗaure. Ya murɗa na uku, sai kaf-kaf-kaf-kaf. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba.

Na kafa sukudireba na ɗora kunne, na jira gas ɗin filta ya ƙare man Inna ya shiga. Sai na ji muryar injin ta ƙara laushi. Daga salansa, bututun hayaƙi, kuma wani ƙamshi ya taso, sak gidan da ake suyar ƙuli-ƙuli. Matan gidan suka rangaɗa guɗa.

Muka ɗora Inna a gaba, na hana Lawali gudu, na hana shi kashe mota ko da me. Rairayin nan ta ratsa shi ba gardama. Da muka hau kwalta, duk inda muka wuce sai ka ga mutane na ɗaga hanci suna waige. Muka shigo Gusau ana kiran la'asar, muka bi ta gefen layin gidan mai, sai ga Alhaji Shehu zaune a kan benci kusa da motarsa yana fifita da hula. Alhaji Bawa ya sa aka rage tafiya, ya sauke gilashi ya ce, "Alhaji, injin niƙa na gaishe ka. Yau har suya muke yi." Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Mun tarar ana kiran sunaye, an fara shiga mota. Inna ta samu kujerarta a bakin taga.

Washegari Alhaji Bawa ya cika alkawarinsa ta wata fuska. Ya kawo motar ya ajiye a ƙofar garejina kwana biyu, don in wanke tanki in sake filta, kuma duk wanda ya tsaya sai ya ce masa, "Shawarar Garba ce." Har lokacin tana ƙamshi, daga nan 'yan tasha suka liƙa mini Mai Ƙuli. Kafin shekara ta zagayo manyan mutane huɗu sun zo neman shawara kan jip mai gas, na huɗun Alhaji Shehu ne. Amma ku ji da kyau, kada wani ya je ya zuba man gyaɗa a motocin yanzu masu kwamfuta ya ce ni na koya masa. Wancan inji ne na da mai haƙuri, kuma maganin ranar tsiya ne.

Da alhazai suka dawo, Hajiya Inna ta sa aka kawo ta gareji a cikin jip ɗin. Ta ƙi sauka, ta miƙo mini dabino da 'yar kwalbar zamzam ta taga. Na tambaye ta yaya ta samu abincin can. Ta yatsine fuska ta ce yadda aka gaya mata ne, man ba ƙamshi, kwana arba'in tana ci don dole. Ta ce kuma a filin jirgi ta ga an ƙwace wa wata mata galan ɗin manta an jefar, har matar ta yi kuka.

Sannan ta sa hannu cikin jaka ta fito da farin yadi sabo, wajen kamu biyu, ta ce, "Ungo. Na ga naka ya tsufa. Man nawa bai je Makka ba, amma shi ya kai ni, kuma ta cikin tsummanka ya bi."

Shi ma yana cikin akwatin can, kusa da na Malam. Yanzu ku tashi, ga mazurari ga bokiti biyu, ku ɗauko wani ƙyallen ku ninka huɗu.